Ƙananan Motoci Masu Rimot: Gyaran Ƙafafunsu Da Ɓarnar Ambaliya A Ikko

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a ƙasar Hausa ya san motar kara. Da zarar an yi girbi, yara sukan bi gonaki su tsinto karan dawa, su feƙe ɓawon, su yanyanka totuwar, kafin la'asar sai ka ga an fito da babbar mota har da bodi da tayoyi ana jan ta da zare. Yaran birni kuwa gwangwanin madara da waya da tsohon silifa suke nema. Galibi da yaro ya fara tasawa sai ya bar wannan wasa, ya kama makaranta ko kasuwa ko gareji.

A ƙasashen Japan da Jamus da Amurka abin ba haka yake ba. Can magidanta ne, waɗansu har da furfura, suke zama bayan an tashi daga aiki suna harhaɗa ƙananan motoci na ƙarfe da roba, waɗanda ake tuƙawa daga nesa da na'urar rediyo, watau rimot. Kada mai karatu ya ɗauka irin waɗanda ake talla a gosulo ne, waɗanda yaro zai karya tun kafin a gama yawon salla. Waɗannan suna da shasi da giya da sifirin da shokozoba mai ɗauke da mai, kome da kome kamar na babbar mota, sai dai an rage girmansu. Mai kyau daga cikinsu takan ci ɗaruruwan daloli. A nan ƙasar ma akan sami ɗaiɗaikun mutane, musamman a Ikko, da ke yin odarsu daga waje.

To, mai irin wannan sha'awa a Ikko abu biyu ne a gabansa. Na farko shi ne daidaita ƙafafun motar har ta riƙa tafiya kamar ta gaske. Na biyu kuwa damina ce, domin teburin aiki da akwatunan kaya kusan kullum a ɗakin ƙasa suke ko a gareji, watau daidai inda ruwa ke fara shiga.

ASALIN ABIN

Kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka a Japan shi ne ya fi kowa suna a wannan sana'a. An kafa shi a 1946, kuma da sana'ar katako ya fara. A 1976 ya fito da motarsa ta farko mai rimot, samfurin Porsche 934. A 1981 kuma ya kawo ƙaramar Toyota Hilux mai jan ƙafa huɗu, da shasin ƙarfe da sifirin mai falle-falle irin na a-kori-kura, da giya uku da ake canzawa daga nesa. Bayanta aka yi Bruiser a 1985. A 1993 sai ga King Hauler, watau kan tirela da aka rage girmansa sau goma sha huɗu. Jamusawa suka rungumi waɗannan tireloli hannu bibbiyu. A bajekolin Intermodellbau da ake yi a birnin Dortmund har gari guda akan gina musu, da tituna da gadoji da wurin haƙar yashi, manya suna tsaye suna loda kaya suna saukewa ba ko murmushi, kamar waɗanda za a biya kuɗin lodi.

Amurkawa kuwa hawan duwatsu suka fi so. Kamfanin Axial ya yi SCX10, kamfanin Traxxas na Jihar Texas kuma ya yi TRX-4 a 2017, dukansu an rage girmansu sau goma. Ba gudu ake nema da su ba. Gwaninta ita ce a bi da mota ta kan duwatsu da rami da saiwar itace sannu a hankali, ba ta kife ba, ba a kuma sa hannu an ɗaga ta ba. A nan ne ƙafa take nuna aikinta.

ME YA SA ƘARAMAR MOTA KE TSALLE KAMAR FARA?

Idan an ce mota ɗaya bisa goma ce, ana nufin tsawonta da faɗinta da tsayinta kowanne an raba shi gida goma. Ke nan jikinta gaba ɗaya ya ragu sau dubu. Motar da ke da nauyin tan biyu, ƙaramarta ta kamata ta zama kilo biyu, amma batir da injin lantarki da giya sukan kai ta kilo uku ko huɗu. Ban da wannan kuma, ƙasa ba ta rage jan da take yi wa abu don ƙanƙantarsa. Sakamakon haka shi ne, ko da an kwaikwayi kome daidai, ƙaramar mota takan girgiza sama da ƙasa da sauri fiye da babbar wajen sau uku. Wannan ne ya sa ido ke gane motar wasa tun daga nesa. Babbar mota idan ta faɗa rami takan nutsa ta taso a hankali, ƙaramar kuwa sai ta yi tsalle kamar fara. Dukkan wahalar da masu wannan sha'awa ke sha ta komo ne ga abu guda, watau a rage wannan rawar kai.

Kayan aikin biyu ne, kuma kowanne da nasa aiki. Sifirin shi ke ɗaukar nauyi. Shokozoba kuwa ba ta ɗaukar kome, aikinta kawai ta hana sifirin yin wasa. A cikinta akwai mai da ɗan fistin mai ƙananan huji. Duk sa'ad da taya ta hau dutse, fistin yakan ratsa man, man kuma dole ya bi ta hujin nan, to wannan tirjiya ita ce ke kwantar da motar. Man siliko ake amfani da shi, domin zafi ba ya tsinka shi sosai kamar yadda yake yi wa man inji, abin da ke da amfani ƙwarai a gari irin Ikko. Ana sayar da shi bisa lamba. Lamba 20 ruwa-ruwa ne, lamba 50 ya yi kauri, masu hawan dutse kuwa galibi tsakanin 20 da 35 suke tsayawa. Sai dai a lura, lambar wani kamfani ba lalle ta yi daidai da ta wani ba. Wanda ke son ya tabbata sai ya duba ɗaya ma'aunin da ake rubutawa cSt, inda lamba 30 take kamawa wajen 350. Wanda kuma ba shi da mai iri-iri yana iya canza fistin, domin ƙaramin huji da mai tsinkakke sukan yi aikin da ya kusa da na babban huji da mai kauri.

Akwai wani kuskure da sababbin shiga ba su cika tsallakewa ba. A saman kowane sifirin akwai wani zobe da ake murzawa. Mutum ya ga motarsa ta yi laushi sai ya murza zoben ƙasa, yana zaton ya ƙara wa sifirin ƙarfi. Alhali kuwa ƙarfin sifirin yana nan yadda aka ƙera shi, abin da ya yi kawai shi ne ya ɗaga motar sama, ya kuma ƙara mata saurin kifewa. Zoben na daidaita tsayi ne. Wanda ke son tauri ko laushi dole ya sayi wani sifirin, ko kuwa ya canza inda aka ɗaura shokozobar, domin idan tana tsaye cak ta fi tauri, idan an kwantar da ita kaɗan sai ta yi laushi.

Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a sa wa mota batirinta da bodinta da duk kayan adonta, sa'an nan a ajiye ta a kan tebur a duba yadda ta zauna. Ana so nauyinta kaɗai ya danne shokozoba kamar kashi ɗaya cikin uku na tafiyarta, waɗansu ma har rabi suke kaiwa. Hikimar ita ce taya ta sami damar hawa idan ta gamu da tudu, ta kuma sami damar sauka ta nemi ƙasa idan ta gamu da rami. Tayar da ke lilo a iska ba ta jan kome.

Zuba man kansa sai da haƙuri. A cika bututun, a motsa fistin sama da ƙasa a hankali, a jingine shi kamar minti goma har kumfa ta gama tasowa, sa'an nan a rufe a bar rarar man ta fita. Kumfar da ta saura a ciki ita ce ke sa shokozoba ta yi ƙara tana tsotso, ta kuma riƙa kamawa tana saki. Lalle ne ta hagu da ta dama su zama tsawo ɗaya, su kuma dawo da sauri ɗaya idan an danna an saki. In ba haka ba motar za ta riƙa karkata, mai ita kuwa ya yi ta zargin sitiyari a banza.

A ganina, inda mutane suka fi ɓata kuɗinsu shi ne wajen neman lanƙwasa. Za ka ga hoton mota an ɗora taya ɗaya a kan bulo, sauran ukun na ƙasa, mai ita yana alfahari. Hoton kam ya yi kyau. Amma motar da ta cika lanƙwasa, da ta fuskanci hawa mai tsayi sai ƙarfin injin ya murɗe jikinta gefe guda, tayar gaba ta tashi, ta faɗi a bayanta kamar kunkuru. Ƙwararru sun fi kula da inda nauyi yake. Sukan so wajen kashi 60 cikin ɗari na nauyin ya kasance a gaba, kuma can ƙasa, shi ya sa ake ɗaura ƙarafan tagulla a jikin ƙafafun gaba, ake kuma guje wa loda wa rufin mota jarkoki da tayoyin ado. Hatta soson da ke cikin taya yana cikin lissafi, domin shi ne a madadin iska. In ya yi tauri taya ba za ta rungumi dutse ba, in ya cika laushi sai ta naɗe a gefen gangare.

Tireloli irin King Hauler nasu daban ne, kuma direbobinmu da ke jigila tsakanin Apapa da Kano za su gane matsalar nan da nan. Kowa ya san tirela ba kaya ta fi mai kaya jijjiga, domin an yi sifirinta ne don nauyi. Haka ƙaramar take. Sifirinta falle-fallen ƙarfe ne, shokozobar da take zuwa da ita kuma ba mai a ciki. Idan kan tirelar zai riƙa yawo shi kaɗai, akan zare falle ɗaya daga kowane gefe don ya yi laushi. Idan kuwa zai ja yashi ko katako, sai a bar su yadda suke. Abin da ya kamata a duba kullum shi ne maratayin sifirin, kada a ɗaure notinsa tamau har ya kasa motsi. Kome za a canza, a canza abu ɗaya, a gwada a wuri ɗaya, a rubuta a littafi. Wanda ya canza mai da sifirin da soso a dare guda ba zai san wanne ya gyara ba, wanne kuma ya ɓata.

RUWA A TSAKAR ƊAKI

Ikko gari ne da aka gina a kan tsibirai da fadamu da yashin da aka cike gulbi da shi, kuma wurare da yawa a cikinsa ba su fi teku tsayi da wani abin kirki ba. Daminarsa kashi biyu ce. Ruwa yakan yi ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan sarara a Agusta, ya komo a Satumba da Oktoba. Idan ruwan sama mai yawa ya yi daidai da lokacin cikar teku, magudanai ba su da inda za su zubar, sai ruwan ya tsaya ko ya komo baya. Ranar 10 ga Yuli, 2011, an wuni ana tafka ruwa, aka auna fiye da milimita 200, mutane da dama suka rasa rayukansu. A Yulin 2017 unguwannin Lekki da Victoria Island suka cika har ana tuƙa kwalekwale a kan titi. A farkon Yulin 2024 ma haka aka yi, gari ya tsaya cik.

'Yan'uwanmu da ke zaune a Mile 12 da kasuwar shanu ta Kara da Isheri su kuma nasu ruwan ba ya jiran hadari. Idan madatsar Oyan da ke kusa da Abeokuta ta cika aka buɗe ta, kogin Ogun yakan tumbatsa ya shiga gidaje ko da rana tana tsaka, kamar yadda aka gani a Oktoban 2010 da Oktoban 2019. Sa'an nan ga shara. Leda da robar ruwa da kwanon soso na abinci sun toshe kwatoci, har Gwamnatin Jihar Ikko ta hana amfani da kwanon soson a Janairun 2024. Wani abin kuma da ba a cika faɗa ba shi ne, duk lokacin da aka sake gina titi akan ɗaga shi sama, tsofaffin gidajen da ke gefensa su koma cikin rami. Gidan da shekara ashirin bai san ruwa ba sai ka ga ya zama tafki a damina ɗaya. A ƙasa baki ɗaya kuwa, Hukumar NEMA ta ce ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 ta raba fiye da miliyan biyu da gidajensu, ta 2022 kuma ta kashe fiye da 600.

Jamus, ƙasar masu ƙananan tireloli, ta ga nata a daren 14 ga Yuli, 2021, sa'ad da kogin Ahr ya cika ya share garuruwan da ke kwarinsa, ya kashe fiye da mutum 130 a wannan kwari kaɗai. Gidajen Jamusawa suna da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, inda suke ajiye injin ɗumama gida da kayan aiki da kayan sha'awa, kuma waɗansu daga cikin mamatan a irin waɗannan ɗakuna ruwa ya rutsa da su. Ruwan da ya taru a bayan ƙofa yakan danne ta har ƙato ya kasa buɗewa. Mu a nan ba mu cika gina irin waɗannan ɗakuna ba, amma halin ɗan Adam ɗaya ne. Mutumin da ya shekara yana harhaɗa abu da hannunsa, da wuya ya ga ruwa na tunkararsa bai ruga ya ɗauko ba. Lalle ne a yi wannan ɗauka tun ana ganin hadari. Idan ruwa ya riga ya shiga, a bar masa.

Abin da ya fi kisa a ɗakin da ruwa ya shiga shi ne lantarki. A kashe babban makunnin gida tun ruwa bai kai ga soket ba, kuma mutum yana tsaye a busasshen wuri. Idan sai an taka ruwa kafin a kai ga makunnin, a haƙura, a fita. Gidajen da ke da inbata da batiran sola su ƙara lura, domin ko an ɗauke wutar gari, ko an kashe mita, inbata tana nan tana ba soket wuta, kuma galibi a ƙasa ake girke ta. Ita ma a kashe ta. Janareta kuwa kada a shigo da shi cikin gida ko lungu don gudun ruwa. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta wari balle a farga, ta sha kashe iyali guda cikin barci a ƙasar nan.

Kada kuma a raina ruwa mai gudu. Hukumar kula da yanayi ta Amurka ta ce ruwan da bai wuce inci shida ba yana iya kayar da babban mutum, mai ƙafa ɗaya yana iya tafiya da ƙaramar mota, mai ƙafa biyu kuwa har manya. A Ikko ga ƙarin haɗarin kwatocin da ba murfi, waɗanda ba a ganinsu idan titi ya cika. Lambobin neman agaji a jihar su ne 767 da 112. Hukumar NiMet da Hukumar NIHSA kuma sukan fitar da hasashen damina da na ambaliya kowace shekara tun kafin ruwa ya sauka, har da sunayen ƙananan hukumomin da abin zai fi shafa.

Shirin da ya fi amfani ba shi da tsada. Takardun gida da na makaranta da fasfo a naɗe su a leda a sa a saman kabad. A yi kanta a bango, sama da alamar da ruwan bara ya bari, domin bango ba ya ƙarya. A kanta ne rimot da caja da batira za su zauna, cikin roba mai murfi. A ɗaga dokin ƙofa da bulo ɗaya ko biyu, a tanadi buhunan yashi, a kuma tuna cewa ruwa ba ta ƙofa kaɗai yake shiga ba, yakan ɓullo ta makwararar banɗaki idan sokawe ya cika. Kwatar ƙofar gida kuwa, a haɗu da maƙwabta a yashe ta tun watan Maris. Wanda ya yashe tasa shi kaɗai, sharar maƙwabcinsa za ta komo masa.

BAYAN RUWA YA JANYE

Ruwan ambaliya ba ruwan sama ba ne zalla. Ya gauraya da na masai da na kwata da man gareji. Saboda haka gida ake fara yi wa aiki kafin mota. A sa takalmin roba da safar hannu, a kwashe laka tun tana ɗanya, a wanke ƙasa da bango da sabulu, sa'an nan a bi da ruwan bilic. Katifar soso da kafet da suka sha ruwan nan da wuya su tsarkaka, kuma fumfuna takan fara kama abu mai danshi cikin kwana ɗaya zuwa biyu, don haka a buɗe tagogi, a fitar da kome rana. Ruwan rijiya ko na burtsatsen da ambaliya ta rufe kada a sha sai an tafasa. Ba a manta ba da cutar amai da gudawa da ta ɓarke a Ikko a Yunin 2024. Kada a mayar da wuta sai mai gyaran lantarki ya buɗe soket ya duba. A kuma riƙa haska lungu kafin a sa hannu, domin macizai ma tudu suke nema.

Daga cikin kayan motar, batir ne abin tsoro. Yawancin motocin yanzu batirin lithiyum suke amfani da shi, mai laushin jiki kamar sabulu a leda, kuma idan ya lalace ba mutuwa kawai yake yi ba, wuta yake kamawa, irin wadda ke da wuyar kashewa. Ruwan gishiri ya fi yi masa illa. Bayan guguwar Ian da ta afka wa Jihar Florida a Satumban 2022, an ga manyan motoci masu batir da ruwan teku ya rufe suna kamawa da wuta kwanaki bayan ruwan ya janye. Ruwan gulbin Ikko shi ma yana da gishiri-gishiri. Batirin da ya kwana cikin ruwa, ko ya kumbura, ko yake wani wari mai zaƙi-zaƙi, kada a kusantar da shi ga caja. A fitar da shi waje a sa cikin tukunyar ƙasa mai yashi, nesa da ɗaki da janareta da yara. Asarar batir ɗaya ba ta kai ta rufin gida ba.

Kamfanoni sukan rubuta a kwali cewa ruwa ba ya shiga na'urorin motarsu. Gaskiya ne idan ratsa kududdufi za a yi, amma ba a yi su don su kwana biyu cikin laka ba, rimot da caja kuwa ba su da wannan kariya ko kaɗan. Babban abu shi ne kada a kunna kome don a ga ko yana aiki, domin wannan gwaji shi ke ƙone abin da da zai tsira. A cire batir, a buɗe murfi, a ɗauraye da ruwa mai tsabta don a fitar da laka da gishiri, a bi da sifirit mai ƙarfi irin wanda masu gyaran waya ke wanke allo da shi, a ajiye gaban fanka kwana uku ko huɗu. Tusa na'ura cikin buhun shinkafa da ake yi ba ya fitar da gishiri, kuma iska ta fi shi busarwa.

Sauran aikin na makaniki ne, kuma yana son gaggawa, domin tsatsa ba ta jira. Mota ɗaya tana ɗauke da boris ƙanana da yawa, a ƙafafu da giya da difa. A ciro su duka, a wanke, a busar, a ɗiga mai, a juya kowanne a kan yatsa. Wanda ya yi gurzo a jefar. A buɗe difa da akwatin giya, idan giris ya koma fari kamar nono to ruwa ya shiga, sai a share a sa sabo. Tayoyi kuma suna da ɗan hujin shan iska, ta nan soson ciki yake shan ruwa ya riƙe, ya ƙara wa tayar nauyi gefe guda, daga baya ya ruɓe. A kwance su a matse a shanya a inuwa. Falle-fallen sifirin tirela a raba su ɗaya-ɗaya a goge, domin a tsakaninsu ne tsatsa ke ɓuya ta manne su, motar da aka sha wuya aka tausasa ta koma kamar amalanke.

Shokozoba ce ta ƙarshe. A duba sandar kowacce a gaban haske. Ko ɗigon tsatsa ɗaya aka gani a canza ta, domin shi ne zai yi ta yankar zoben robar da ke tsare mai, bayan mako guda a tarar mai ya tsiyaye. A zubar da tsohon man ko da ya yi kama da mai kyau, a sa sababbin zobba, a ɗauko littafin nan da aka rubuta lambar mai da hujin fistin da tsayin zobe, a mayar da kome yadda yake. Daga nan sai a ɗora bodi da sabon batir, a ɗaga motar kamar taƙi ɗaya daga ƙasa a sake ta. Idan ta sauka ta nutsa sau ɗaya ta zauna, aiki ya yi. Idan ta yi tsalle, man ya yi tsinki ko akwai sauran kumfa. Idan kuwa ta zauna a karkace, to sifirin ɗaya ya gaji, kuma ba a canza shi shi kaɗai, sai tare da ɗan'uwansa na ɗaya gefen.